Shari'ar Kashin Shanu

Shekarar da na ƙi tafiya cin rani, duk Matameye sai da aka san dalili, domin ni da bakina na bi majalisa majalisa ina shela. Sa'o'ina sun ɗaure kaya sun nufi Kano, ni kuwa na ce zan tsaya in yi jinyar gona. Lokacin ga ƙuruciya, ga sabon aure, ga ji da kai kamar ni na fara riƙe hauya a duniya.

Gonar gadon mahaifina ce, a hanyar Kurni. Zamanin Nasara ne, gyaɗa tana tashe. Marigayin ya sassare duk itacen da ke ciki tun kafin a hana, ya yi ta zuba mata gyaɗa ba hutu, har ta iso hannuna rairayi fari fat. In na shuka gero, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ke yin fure, geron ya tsaya iya gwiwa yana kallona. Baffana, wanda ke riƙe da gidanmu, ya kira ni ya ce, "Ɗana, damina ɗaya na ƙara maka. In ba ta ciyar da kai ba, a bar ta ta kwanta, ka dawo gandu." Komawa gandu kuwa shi ne in koma noma a ƙarƙashinsa, matata ta riƙa kai ƙwarya bakin rumbunsa ana auna mata. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Maganin gona irin tawa kowa ya san shi. Bayan kaka sai ka samu Bafulatani mai garke ya sauka a ciki, shanu su ci kara su bar maka taki, kai kuma ka ɗauki nauyin hatsin gidansa. Na samu wani dattijo mai shanu jajaye, na shiga zawarcinsa. Wallahi ko matata ban yi wa zaryar da na yi masa ba. Goro, gishiri, kanwar shanu, duk na kai. Ina kiransa Ardo, alhali shi da kansa ya faɗa mini ba Ardo ba ne. Ranar da ya kafa bukkarsa a gonata, na koma gida ina tafiyar ƙasaita.

Karan gonata bai kai ya kawo ba, shanu suka share shi. To, maƙwabcina na gabas wani tsoho ne mai gawo manya manya a gonarsa. Gawo kuwa da rani yake ganye, ya yi inuwa, ya zubo da ƴaƴa waɗanda saniya ke so kamar me. Shanu suka tsallaka iyaka, can za su ci, can za su kwanta, can za su sauke abin da na saya da hatsina. Ni na samu Bafulatani, maƙwabcina ya samu shanu.

Na je na yi wa Bafulatanin ƙorafi. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Samari, cewa ka yi in sauka a gonarka, ga ni kuwa a gonarka. Su kuma ka yi musu magana da kanka, ko za su ji taka."

Na yi tunanin in roƙi a sassaro mini rassan gawon in jawo su gonata, amma gardi mai tsaron itatuwa yana yawo a kan doki, wanda ya kama da reshen gawo sai ya kwana a tsare. Sai na ɗauki kwando. Ni da na ce na fi ƙarfin dako a Kano, ga ni tsugune a gonar wani da rana tsaka ina tsintar kashin shanu. A haka tsohon ya same ni.

"Sannu da aiki, ɗana. Me ake tsinta?"

"Haƙƙina, Baba."

Bai yi faɗa ba. Ya ce mu je gaban mai unguwa a raba mu, kada zumunci ya ɓaci. Na amince da sauri, don na tabbata gaskiya a hannuna take.

Zauren ya cika maƙil, har da waɗanda ba a kira ba. Na miƙe na yi bayani da kumfar baki, na lissafa goro da kanwa, na ce duk abin da ya fito daga cikin shanun nan nawa ne. Mai unguwa ya danne dariya ya tambaye ni, "To me suka ci ya zama takin, goronka ko gawonsa?" Na koma na zauna. Ya yanke cewa taki na inda ya faɗi ne, kwandon da na riga na kwashe kuma a bar mini ladan tsuguno. Tun daga ranar ba na wuce majalisa sai wani ya yi kukan saniya.

Damina ta zo da kyau, ba ni da abin zargi. Geron tsoho ya fi tsawon mutum a tsaye. Nawa ya yi kore a wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba, daidai inda na juye kwando, sauran duk ƙuduji. Baffa ya zo ya zagaya gonar, ya dafa kafaɗata ya wuce. Na gane, kuma na ji kamar in yi kuka a tsakiyar gonar ubana.

Bayan girbi tsohon ya aiko jaki da damman gero, wai rabon shanuna. Na rantse sai an mayar masa, na fita ina bambami don unguwa ta ji. Kafin in dawo matata ta sussuka, ta daka, tuwo yana kan wuta. Ta ce, "Maigida, in za ka mayar, sai dai ka kai masa a akushi." Rumbuna ba ko tsaba, gobe kuma ita za ta fara kai ƙwarya gidan Baffa. Na wanke hannu na zauna. Na ci, na ƙoshi, har na nemi ƙari.