Layin Gamba a Gonar Albasa

Gonar albasarmu ta wajen Kajiji ba a taɓa raba ta ba. Da mahaifina ya rasu, ƙaninsa, Baffa, ya ci gaba da nomanta, ni kuwa ina Boɗinga ina koyon rubuta umarnin kwamfuta. Duk zuwan da na yi, kwano ɗaya muke cin tuwo da shi.

A wani rani aka koya mana abin da ya tafi da hankalina. Maimakon ka cika jadawali lamba bayan lamba, sai ka ba kwamfuta ƙa'ida guda: ɗauki lambar layi da lambar gurbi, ki yi musu lissafi kaza. Ita za ta bi kowane gurbi ta cike shi. Nan take na tuna fangalan albasarmu, jere reras. Na ce bari in fitar da nisan kowane fangali daga rijiya, mu san tsawon tiyon da ya kamata a ɗaura wa injin ban ruwa. Wallahi iyakar niyyata ke nan.

Na hau babur na je, na shiga ƙirga layuka da taki. Baffa ya dogara da fartanya yana kallona.

"Mi kaka awo, ɗana?"

"Nisan ruwa ne, Baffa."

"Ruwa," ya ce, ya gyaɗa kai.

Wannan "ruwa" ɗin bai kwanta mini ba. Da na buɗe kwamfutar a inuwar dalbejiya, gonar ta fito gida-gida, kowane gida da lambarsa, sai ya sunkuyo ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni wa ya aiko ni. Ya tambaya ko mahaifiyata ta san na zo. Raina ya ɓaci. Mutumin da ba ya ɓoye komai, me zai dame shi da awo? Na fara kallon kusurwar gabas, inda na ga kamar gonar ta tsuke, ina raya abubuwa marasa kyau game da shi. Da muka zauna cin abinci, kowa na satar kallon ɗan'uwansa.

Ban san cewa a wajen su Baffa ba a taka gonar gado da awo sai ana neman rabo ba.

Da na dawo ranar kasuwa ɗauke da tiyon, na tarar an dasa sabon layin ciyawar gamba, irin na shata iyaka, ya ratsa gonar tun daga bakin rijiya har ƙarshe. Kai! Baffa ya nuna mini ɓangaren gabas, wanda ya fi kyau.

"Ga na ubanka nan. Da ka tambaye ni da baki, da na ba ka."

Na rantse, na buɗe kwamfutar, na sake rantsewa. Ya saurare ni har na gama. Da azahar aka kawo tuwo, kwano biyu.