Masarar da ke Riƙe da Ɗakin Raudatu

Duk mai bin hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa da sassafe a lokacin damina ya san Malam Maiwada, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan na Unguwar Jibo da ke fitowa daga masallaci ya saɓi fartanya, kafin hantsi ka hango shi duƙe a gonar da ba tasa ba. Yau yana ta maƙwabcinsa Lawal, gobe ya tsallake rafi yana ta wani. Ba ƙodago yake yi ba, kuma babu wanda ya kira shi. Sallama kawai zai yi ya kama aiki. In mai gona ya ce, "Malam, don Allah ka huta haka nan," sai ya ce, "To, bari in kai ƙarshen wannan layin." Layin nan kuwa ba ya ƙarewa sai an kira azahar.

Gidana yana kallon nasa, kuma na daɗe ina tsokanarsa cewa wanda ya raɗa masa suna Maiwada bai ga rigarsa ba. Dariya kawai yake yi. Yau na zauna in jinjina masa, amma ba zan ɓoye muku ba, gabana faɗuwa yake yi ina wannan rubutu.

Abin ya samo asali ne shekarun baya, ranar da ya tarar da Mahadi zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansu. Mahadi makaho ne, ɗan unguwarmu, wanda muka yi ta murna da ya sami jami'a.

"Mahadi, ba an ce kana makaranta ba?"

"Na dawo, Baba. Karatun bai gagare ni ba, hanyar ce ta gagare ni. Ɗakin da na samu yana can bayan gari, tsakanina da aji ga titi ga kwatoci. Abokai sun ja ni har sun gaji, ni ma na gaji da roƙonsu."

Da maganar ta zo majalisa, shawara ɗaya kowa ya bayar: a kai yaron ƙofar wani babban mutum. Malam Maiwada ya ce, "A kai shi ƙofar wani ya tsaya da sanda? Ai abin da yake gudu ke nan ya tafi karatu." Washegari ya sanar cewa gonarsa ta bakin rafi, wadda ya gada daga mahaifinsa, ta zama ta ɗalibai masu naƙasa. Abin da ta bayar, da shi za a kama musu ɗaki kusa da aji, a kuma ciyar da wanda zai zauna ya kula da su.

Matarsa Shafa'atu ba ta yi guɗa ba. Ina jin ta ta katanga tana cewa, "Malam, gonar da muke ci ita ka bayar? Mu kuma tudu za mu tauna?" Ta kwana biyu tana ajiye masa tuwo ba magana. Daga baya ita ce ta zama mai dama furar ma'aikata, kuma har yau babu mai taɓa wannan ƙwaryar sai ita.

Sai dai mutum ɗaya ba ya noma gona irin wannan, shi kuma ba shi da abin ɗaukar 'yan ƙodago. Don haka ya ce zai kira gayya. Muka yi masa dariya, don gayya ta daɗe da mutuwa a wajenmu, feshin maganin ciyawa da aikin jinga sun binne ta. Amma ya san ƙa'idarta fiye da mu: wanda ya zo maka, kai ma sai ka je masa. Sai ya juya abin, ya riƙa zuwa tun kafin a zo masa. Wannan ne sirrin yawon da yake yi gona-gona. Ranar da ya aika cewa gobe akwai aiki a bakin rafi, wane ne zai iya zama a gida, alhali gumin dattijon yana cikin masararsa?

Malam Maiwada, kai ne ka mai da nauyin ido abin alheri. Kai ne ka sa masu taurin kai irina suka tashi da asuba ba don ribar kansu ba. Gatan wanda gari ya manta, na gaishe ka.

Da masarar gonar nan Mahadi ya sami ɗaki a bakin makaranta da ɗan'uwan da ke ja masa gora yana karanta masa littattafai. Yanzu yana koyarwa a wata sakandare ta wajen Danja. Bayansa wasu sun bi. Wadda gonar ke ɗaukar nauyinta yanzu ita ce Raudatu, yarinyar da shan inna ya kama tun tana rarrafe, tana shekarar ƙarshe ta karatun lauya. Da farko bene aka ba ta a ɗakin kwanan ɗalibai, sai an kinkime ta a hau da ita a sauko da ita, har ta daina shan ruwa da rana don gudun zuwa bayi. Malam Maiwada ya shiga mota da kansa, ya yi ta yawo a unguwannin da ke kewaye da jami'ar har ya sami ɗaki a ƙasa, ba matattakala, ƙofarsa na shigar da keken guragu, da bayi a ciki. Gwaggonta Tsohuwa ta bar suyar ƙosanta ta koma can, ita ke yi mata wanka da girki, ita ke tura ta aji. Mai gidan ya yarda ya riƙa jira sai kaka. Cin Tsohuwa da haya duka a kan gonar nan suke.

Bana, ana gama shuka, Malam Maiwada ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Damina ta zo ta wuce bai taka gonar kowa ba. 'Yan tsiraru ne muka lallaɓa muka yi noma da maimai, Allah kuma ya taimaka masarar ta yi kyau. Yanzu ta bushe tana tsaye, wasu karan sun fara kwanciya, gara tana binsu. Karya ta da ɓarewa da kwasowa aikin jama'a ne, kowa kuma yana fama da tasa. Da kunnena na ji wani a majalisa yana cewa, "Gayya fa biki ce. Bana wa ya ga Maiwada a gonarsa?" Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da na ga babu wanda ya tanka masa.

Maganar ta kai kunnen Raudatu da ta zo hutu. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa Tsohuwa ta tura ta har gonar Lawal, inda aka tara masara ana ɓarewa. Ta sauko ta zauna a kan buhu ta jawo tsibi gabanta.

Lawal ya rikice. "Raudatu, lafiya? Malam ne ya aiko ki?"

"Bai ma sani ba, Kawu. Shekara da shekaru yana zo muku. Bana ba shi da ƙafa, ni kuma ina da hannu."

Ta wuni nan, washegari ta koma wata gonar. Da Malam Maiwada ya ji, ya sa aka kira ta. Ina wurin. Ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya, ya ga yadda tafin ya yi kanta ya tsattsage, sai hawaye. Da ƙyar maganar ta fito: "'Yar nan, hannun jarrabawa ne wannan. Na yi duk abin nan ne don kada ki zauna a ƙofar kowa."

Ta ce, "Baba, ba a ƙofa na zauna ba, a gona na zauna."

Ni kuwa na fita waje don kada a ga idona.

Malam Maiwada, mun gode. Mun gode a madadin iyayen da suka cire rai da 'ya'yansu, ka nuna musu cewa abin da ya tsaya tsakanin yaran nan da digiri wani lokaci ɗaki ne a ƙasa da mutum ɗaya mai haƙuri. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka tarar da shi a mizani. Ku kuma masu karatu, daga Malumfashi har Mahuta, da wuya a rasa irin Raudatu a unguwarku, zaune da takardar shiga jami'a a ƙarƙashin filo. Ba sai kuna da gonar bakin rafi ba. Kadada guda, ko buhu guda a kaka, ko wuni guda na ƙarfinku, wani ɗakin zai iya buɗewa da shi.

An sa gayyar girbi ranar Asabar mai zuwa, kuma wallahi ban san mutum nawa za su fito ba. Jiya mai gidan haya ya bugo waya. Ba mugun mutum ba ne, amma ya ce akwai masu son ɗakin da kuɗi a hannu, shin ya ba wani? In ɗakin ya tafi, babu irinsa kusa, Raudatu kuma ba za ta koma bene ba, gida za ta dawo ana saura ƙiris ta gama. Shafa'atu ta kara wa Malam wayar a kunne. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Alhaji, ka jira Asabar. Mutanena za su zo."

Mutumin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba ya yi alkawari da hannayenmu. Kada mu bari a kira shi maƙaryaci yana kwance.