Ashe ba ƙarfina ne ya ƙare ba

A hanyar Makoɗa na sauka daga keke ina haki. Tun farkon damina haka nake fama, har na fara tunanin wa zai riƙa zuwar mini gona. Ko Hajara matata ban gaya wa ba.

Sai ga Malam Sani, sa'ana, ya taho a nasa keken ko gumi babu. Na ce masa jiki ya ƙi.

Ya ce, "Hau nawa mu gani."

Wallahi ina taka feda sai ga ni ina tafiya kamar saurayi! Na waiwayo, shi ne yanzu yake nishi a kan nawa.

Ya duba kacar kekena, ta yi daɓe da yashi. Ya shinshina.

"Me kake zuba mata?"

"Man gyaɗar Hajara."

"Malam, keke ne ko ƙosai?"

A wajen mai gyaran keke muka wanke ta da kananzir, aka sa baƙin mai, aka ƙara wa tayoyi iska. Na iso gida ina hamdala.

Saura kaɗan in yi wa kaina ritaya saboda man tuya. Ku me kuka taɓa ɗora wa tsufa alhali ba laifinsa ba ne?