Filastar da Na Yi Don Ta Zube

Sau ɗaya na taɓa cin amanar siminti a aikina, kuma a kan haka aka ba ni takardar zama cikakken ma'aikaci. Ranar ba ta fita daga raina ba har yau. Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku ji yadda aka yi.

Ni birkila ne, sunana Bala. Ban shiga aji ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen ayyuka a matsayin ɗan wucin gadi, wato wanda za a iya ce wa "kar ka zo gobe" ba tare da takarda ba. Ba fansho, ba hutu. Duk shekara sai a ce fayil ɗina yana sama.

Da soja suka koma bariki, farar hula suka zo da kwamitoci. A hukumar da nake wa aiki aka kafa na yawon buɗe ido, shugabansa wani Honorabul mai ciwon baya. Aka shirya musu tafiya Masar su ga yadda Larabawa ke kula da kayan tarihi. Ƙa'ida ta ce dole a tafi da masanin gine-gine. Honorabul kuma yana bukatar mai ɗaukar akwati. Injiniyanmu ba zai ɗauki akwati ba. Sai aka rubuta sunana.

A Masar aka kai mu dalar Fir'auna. A gindinta akwai wani gini na manyan duwatsu, kowanne ya fi ɗakina girma. Na zaro makullin akwati zan sa tsakanin dutse biyu, bai shiga ba. Kuma ba siminti. Balaraben da ke mana jagora ya riƙe hannuna. Tafintan da ke tare da mu ya ce nan ba a taɓawa, ba a ƙari, ba a ragi.

Honorabul yana can gaban gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum. Ya kira ni.

"Bala, ka ga abin da nake gani?"

"Na ga aiki, ranka ya daɗe."

"Wane aiki? Abu ko hanci babu. Shekara dubu nawa, a rasa wanda zai ba da kwangilar hanci? Ko fenti ba su shafa ba. Ga baƙi daga ko'ina, ba sa jin kunya."

Ba mu cika awa ɗaya a wurin ba. Sauran kwanakin a kasuwa suka ƙare, turare da jallabiya. Da akwati biyu muka tafi, da bakwai muka dawo.

Bayan mun dawo kwamiti ya nemi kayan tarihi na gida. Aka samu wata tsohuwar katangar duwatsu a kan tudu, can bayan ƙauyen Kamazou. Kakannin Gbagyi ne suka jera ta, dutse kan dutse, ba laka ba komai, lokacin da suke ɓuya wa mahara. Takarda ta sauko daga sama: a yi mata filasta, a shafa fenti fari da kore, cikin mako biyu za a zo yanke ƙyallen buɗewa.

Na ce wa Injiniya, "Yallaɓai, su can Masar ba sa taɓawa."

Ya ce, "Je ka faɗa wa Honorabul. Fayil ɗinka yana kan teburinsa."

Na koma bakin aiki. Ina da 'ya'ya biyar.

Ranar da aka sauke siminti, wani tsoho da gonarsa ke gindin tudun, Baba Shekwolo, ya hawo da sanda. Ya daɗe yana kallon buhunan.

"Ɗana, me katangar ta yi muku?"

"Ba ta yi komai ba, Baba. Mun je Masar ne."

"Kakan kakana ya ɗauki dutse a nan. In siminti ya kama ta, shi ke nan?"

"In ya kama."

Ya dube ni, na dube shi. Ya sauka.

Ga yadda aikin yake. Filastar kirki buhu ɗaya ne da baro uku ko huɗu na yashi, kuma sai an wanke bango tas kafin ta kama. Ni kuwa na fara shafe duwatsun da ɗanyar laka daga gonar Baba. Sannan na kwaɓa buhu ɗaya da baro goma sha biyu. Irin kwaɓin da nake zagin 'yan kwangila a kansa. Hannuna har ƙyama yake.

Rana ta uku Injiniya ya zo dubawa. Ya ɓanɓaro kaɗan, ya murza, ya zube kamar garin kwaki.

"Baro nawa?"

"Goma sha biyu."

Ya karkaɗe hannunsa. Na ce a raina, to Bala, gobe ba aiki. Sai ya fashe da dariya.

"Shekara goma sha ɗaya, sai yau ka gane aikin gwamnati. Ragowar buhunan fa?"

"Suna bayan dutse."

"Zan turo mota."

Aka shafa fenti, aka yanke ƙyalle. Honorabul ya ce a cikin jawabinsa mun wuce Masar, aka tafa. Kafin watan ya ƙare takardata ta fito. Injiniya ne ya rubuta cewa ni ma'aikaci ne mai fahimta.

Ruwan farko na damina bai yi wa filastar komai ba. Na uku ne ya sauke ta gaba ɗaya, kamar maciji ya saɓa. Duwatsun suka fito yadda masu su suka bar su. Baba Shekwolo ya aiko mini da doya uku, bai haɗa da magana ba. Daga ofis ba wanda ya tambaya. Aikin gwamnati ya zube da damina, wa zai yi mamaki?

Abin da na koya kaɗan ne. Wanda ya jera dutsen Masar da wanda ya jera na tudun nan, ba a san sunan ko ɗayansu ba, aikinsu kuwa yana tsaye. Mu kuma sunanmu ne a kan allon buɗe aiki. Kuma a wannan sana'ar, in ka ga ana yabonka, koma ka duba abin da ka yi.

Na yi ritaya. Ina unguwar Makera yanzu, ina buga bulo a ƙofar gida in gwiwa ta bar ni.