Malam Kaumi da Hannun Daman Alhaji Maigandi

A taƙaice, domin masu gaggawa: Malam Kaumi Bukar, malamin wasanni a wata firamare da ke Yerimaram, ya ajiye aiki a ƙarshen zangon nan bayan shekara talatin da biyar. Ba a yi taro ba, ba a miƙa takardar yabo ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin akawu na san abin da ba a rubuta ba bai faru ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kullum bayan sallar asuba, kafin ɗalibai su iso, yakan jawo teburin wasan ƙwallon tebur daga sito zuwa gindin darbejiya, ya goge raɓa, ya ɗaura raga. Sai mu tsofaffi mu fara ɓullowa ɗaya-ɗaya. Mu bakwai ne, kuma babu wanda ya taɓa riƙe katakon bugu sai da furfura ta gama da shi. Ƙwallon fara ce fat, ba ta da nauyin komai, a hasken safiya takan yi kamar ta tsaya a iska tana shawarar inda za ta sauka. Ƙararta, tak-tak, takan mayar da ni ofishinmu na dā, lokacin da tafireta shida ke aiki tare, da fuskokin mutanen da yawancinsu yanzu sai addu'a. In ƙwallo ta faɗi, Malam Kaumi ne ke sunkuyawa, domin gwiwoyinmu sun riga mu yin ritaya.

Bara aka kawo mana Alhaji Maigandi. Shekara arba'in yana dillancin shanu a kara, ciniki ba ya faɗawa sai ya damƙi hannun mai saye ya girgiza. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar masa da hannun dama. 'Ya'yansa, saboda ƙauna, suka zaunar da shi a darduma, kowa ya rage murya, duk abin da ya faɗa sai a ce, "Haka ne, Baba." Shi kuwa ya rantse ba zai sake taka kara ba da hannun da ba ya iya riƙe hannun mutum. Likita ya ce a riƙa motsa hannun, sai babban ɗansa Abdulbaƙi ya kawo shi a keke-napep.

Muka yi abin da tarbiyya ta koya mana: muna lallaɓa masa ƙwallo, muna zubar da maki da gangan. A rana ta uku ya ajiye katako ya dube ni.

"Akawu, wasa muke yi, ko dubiya kuka zo?"

Malam Kaumi ne ya karɓe zancen. Shi Babarbare ne, Alhaji Bafulatani, wasa tsakaninsu tun kaka da kakanni.

"Ku matsa," in ji Malam. "Bawana ne, ni na san maganinsa."

"Bawan wa? Kai Babarbare, ko da hagu na fi ƙarfinka."

"Hagu ka ajiye wa sandarka. Dama nake so."

Ya ɗaure masa katako a hannun da tsumma, ya ci shi maki sha ɗaya da babu. Alhaji ya zage shi da Fulatanci, ya yi dariya da rabin baki. Washegari ya riga kowa zuwa.

Malam Kaumi, kai ne ka gane abin da mu masu ladabi muka kasa ganewa. Kai ne kake sunkuya masa sau ɗari a safiya, ka ɗaga masa gwiwar hannu, ka nuna masa inda zai dasa ƙafa, sannan ka koma ɓangarenka ka ƙi sassauta masa ko da maki ɗaya. Ka bauta masa a komai, ban da ƙarya.

Da aka shiga wata na biyar aka kwance tsumman. A wata na tara, wata safiya ta damina, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, ƙasa na ƙamshi, Alhaji ya mayar da wata ƙwallo. Muna kallonta tana tafiya a hankali kamar a mafarki, ta taɓa kusurwar tebur, ta wuce. Malam ya kai hannu da iya ƙarfinsa bai same ta ba. Ina wurin, kuma na shaida.

Alhaji ya zagayo teburin yana jan ƙafa, ya kama hannun Malam ya matse.

"Wayyo! Sake ni, Bafulatani, ai ba bijimi na sayar maka ba!"

Bai sake shi da wuri ba. A makon nan ya koma kara.

Mun gode, Malam. Allah ya sa ritaya ta yi maka daɗi fiye da yadda ta yi wa wasunmu. Masu tsoho a gida kuwa, ku nema masa wanda zai yi masa hidima ba tare da ya ji tausayinsa ba.

Abin da lamarin ya ci: wata tara, ƙwallo tamanin da uku, tabarau ɗina guda, hannun babbar riga biyu, da ciwon bayan da Malam Kaumi bai taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da aka samu: maki ɗaya.