Fitilar da Bushta Ya Daina Yi

Shekara ashirin da shida Bushta yana ɗauko kifi daga bakin ruwan Safi zuwa kasuwannin ƙauyukan hanyar Marrakesh, kuma ba a taɓa ganin ranar da ya wuni bai zagi wani ba. Ba mugu ba ne, zafin rai ne, kuma yana da dalilinsa. In rana ta ɗaga ƙanƙara ta narke, kifin sardin ya saki, sai mata su shinshina su yatsine fuska su wuce. Ga kuma jami'an hanya, su laɓe bayan bishiyar turare da na'urar auna gudu kamar masu haƙon ɓera. Duk kamu sai an zabtare wa direba maki a lasisinsa. Na Bushta saura biyu. In suka tafi lasisi ya tafi, abincin gidansa ya tsaya.

Abin da ke ceton direbobin hanyar wata tsohuwar al'ada ce. Wanda ya wuce jami'ai sai ya ƙyafta wa masu tahowa fitila sau biyu, su sassauta ƙafa. Babu wanda ya kai Bushta riƙon wannan amana, har mai amalanken jaki yake yi wa.

Sai ƙanin matarsa ya dawo daga aikin gona a ƙasar Sifen da tsaraba: wata 'yar baƙar na'ura da ake mannawa a gilashin mota. Da ta sansano na'urar jami'ai daga nesa sai ta kama tsuwa. Bushta ya raɗa mata suna 'yar tsegumi. Aka yi wata uku ba a kama shi ba, kai kuwa ya kumbura. Ya daina kallon fitilun mutane. Abin takaicin ma, ya daina yi musu.

Embarak direban tasi, wanda suka yi makarantar allo tare, shi ya fara kwasar kashinsa a hannu. Wata Talata suka gifta juna, Bushta bai taɓa fitila ba, Embarak ya faɗa hannun jami'ai a kwana ta gaba. Da la'asar ya iske shi wurin mai shayi.

"Malam Bushta, yatsanka ne ya karye?"

"Lafiyarsa lau. Me ya faru?"

"Ka gan ni, na gan ka, ka wuce kamar gawa aka jingina a sitiyari! Maki huɗu suka ci mini!"

"Gadinka aka ɗauke ni? Kowa ya je ya sayi tasa."

"Shekara nawa ina yi maka fitila, kai mai ƙarnin kifi?"

"To ka daina mana! Na roƙe ka? Ka ajiye fitilarka ka haska wa surukarka hanya."

Embarak ya kifar da shayinsa a ƙasa ya fita. Maganar nan ba ta yi wa kowa daɗi ba, kuma kafin sati duk direbobin hanyar sun ji ta.

Ana tsakiyar zafi giyar motar Bushta ta mutu, makanike ya ce sai an yi sati uku. Ya aro tsohon babur na ƙanin matar, ya ɗaure akwatin kifi biyu a baya, ya jona 'yar tsegumi da batir, ya ɗaure ta da roba a ƙarƙashin hannun babur. Mutum da wayonsa, amma bai tsaya ya yi tunani ba. A mota gilashi a rufe yake, ko tari na'urar ta yi zai ji. A kan babur kuwa ga iska, ga ƙugin inji, ga hular kwano ta toshe kunne. Kwana biyu bai ji tsuwa ba, ya ɗauka hanya ce ta yi kyau.

Ranar Alhamis ya makara. Rana ta take, ruwan ƙanƙara na ɗiga masa a dunduniya, kasuwa kuma tana can tana ci. Motoci na wucewa, duk sun gane shi, ba wanda ya taɓa fitila. Sai ga tasin Embarak. Ya ƙyafta sau biyu. Ya sake ƙyaftawa. Har hannu ya fito da shi ta taga yana danna iska ƙasa.

Bushta ya kasa kunne, bai ji komai ba. "Ɗan iska," ya ce cikin hula, "so yake kifina ya ruɓe." Ya watsa masa yatsu biyar, ya ƙara murɗa mai.

Yana karya kwana jami'i ya fito daga bayan bishiya da hannu a sama.

Sai da ya kashe inji sannan ya ji 'yar tsegumi. Tana ta tsala tsuwa kamar ɗan tsakon da aka taka, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

"Wannan fa, Baba, waƙa take yi maka?" in ji jami'in. Ya ciro ta, ya karɓi lasisi, ya duba, ya zura a aljihu. "Tura babur ɗin gefe. Tuƙi ya ƙare."

Bushta ya zagi na'urar, ya zagi Sifen, ya zagi ƙanin matarsa, har zagi ya ƙare masa. Ya zauna a gindin bishiya yana korar ƙuda daga akwatunan, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Bayan awa guda tasin ta dawo babu fasinja. Embarak bai ko fito ba.

"Sa kifin a but, kafin ya kashe mutanen gari."

Bushta ya sa, ya shiga gaba. Suka kama hanya. Can sai ga wata mota tafe da gudu, ta nufi inda jami'an suke. Kafin Bushta ya ankara hannunsa ya kai kan makunnin fitila.

Embarak ya buge hannun.

"Cire. Mai lasisi ke yin fitila."

Ya ƙyafta sau biyu da kansa, motar ta rage gudu ta wuce.