Tuffa a Gonar Aro

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Ado, Allah ya ji ƙansa. Mutanen Moss Side, unguwarsu a Manchester, sun san shi da abubuwa da yawa, amma mu na gida, da zarar an rufe makarantu an fara zancen hutu, abu guda muke tunawa: mutumin da yake saka fartanya a bayan mota idan zai tafi bakin teku.

Karatu ne ya kawo shi Manchester, fannin ƙasar noma. Da ya gama ya samu aiki a council, wato ƙaramar hukumar birnin, yana kula da lambunan gari. Ni na biyo bayansa, aure ya ajiye ni a Small Heath, cikin Birmingham, ina aiki a kantin magani. A da, duk bayan shekara biyu sai ya kwashi matarsa Anti Rabi da 'yarsu Hanan su je gida su ga dangi. Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Aka rufe laburaren unguwarsu, aka sallami abokan aikinsa, shi da ya tsira aka mayar da shi rabin mako. Tikitin Kano ya fi ƙarfinsa. Ranar da ya kira ni ya ce bana a nan za a yi hutu, a wata gona a gaɓar tekun Wales, na ce, "Yaya, ƙauye ka baro ka zo Turai, yanzu kuma ka biya kuɗi a mayar da kai ƙauye?" Ya ce in dai taho da rigar ruwa.

Gonar ta wani tsoho ce mai kiwon tumaki, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi birni. Kiwo ya daina ciyar da gida, sai ya ware fili ɗaya da ke kallon teku ya jera caravan, wato 'yan ɗakunan nan masu taya, yana ba masu hutu haya. Maƙwabtanmu a can Turawa ne irinmu, waɗanda a da suke hawa jirgi su nemi rana a wata ƙasa, yanzu ga su a zaune cikin yayyafi suna gasa nama a ƙarƙashin lema. Ni dai ban taɓa son wurin ba. Iska ba ta hutawa, ruwan tekun kamar an fito da shi daga firji, tsuntsayen bakin ruwa kuma su fizge maka abinci daga hannu ba kunya. Yara ne suka more. Yaya kuwa ko takalmi bai cire ba. Kwanansa ɗaya ya gano inda tsohon yake, ya bi shi garke, ya laƙaba masa suna Sarkin Noma. Tsohon bai san ma'anarsa ba sai da aka fassara masa, daga nan kuma idan an kira shi da sunansa na yanka ba ya saurin juyowa.

A shekara ta biyu Yaya ya nemi aron gona. Wani ɗan lungu ne a bayan katangar duwatsu, inda iska ba ta kaiwa sosai, bai fi faɗin tsakar gida ba. Sarkin Noma ya ce ya ɗauka. Tun daga nan hutunmu ya zama biyu: a je da bazara a yi shuka, a koma a hutun ƙarshen shekarar makaranta a ga abin da Allah ya yi. Gero ya fito ya tsaya a gwiwa, ya ƙi yin kai. Yakuwa ta leƙo ta ji sanyi ta fasa. Abin da ya rage dodon koɗi suka raba. Amma dankali da albasa da kabewa sun yi, har mu da ke masa dariya muka riƙa zuwa da buhu. Duk ranar da aka kwashe amfani, kafin kowa ya taɓa, sai ya zaɓi masu kyau ya cika kwando ya kai ƙofar Sarkin Noma ya ajiye. Tsohon ya ce ba ya bukata. Yaya ya ce ba don bukata ba ne, haka ake yi wa mai gona.

Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninsu. Sarkin Noma ya ce jikin katangar nan wurin tuffa ne, ya kawo dashe a tukunya ya ce Ado ya dasa. Yaya ya yi godiya, ya ƙi. Shekara ta zagayo, tsohon ya sake kawowa, ya sake ƙi. Tsohon ya ji haushi, ya tambaye ni ko addininmu ne ya hana. Na ce a'a, taurin kan yayana ne. Gaskiyar magana ita ce a wurinmu ba a dasa itace a gonar aro. Hatsi ka shuka ka girbe ka tafi, amma wanda ya dasa itace ya ce ya zauna ke nan. Mu kuwa mun ga haka a gidanmu. Mahaifinmu ya ara wa wani maƙwabci gona a ƙauyenmu na wajen Gwarzo, mutumin ya saka mangwaro guda biyu, bayan maƙwabcin ya rasu 'ya'yansa suka ce gonar ubansu ce, ga shaida nan tana 'ya'ya. Yaya ya sha zaman ƙofar dagaci a kan wannan magana, kuma har gidajen biyu suka watse ba a koma gaisawa ba.

Sai dai ba gonar Sarkin Noma kaɗai yake nufi ba, kowa a gidan ya san haka. A wurin Yaya ƙasar nan gaba ɗayanta gonar aro ce. Shekara ashirin yana cikinta bai yarda ya sayi kujera mai nauyi ba. Ko labule Anti Rabi ta so canzawa sai ya ce, "Bari dai, ai mun kusa." Ita kuwa tana aikin jinya, ta saba, kuma Hanan a nan aka haife ta, Turancin Manchester ne a bakinta, Hausarta ta gaisuwa ce da neman abinci.

A shekarar ƙarshe council ta sallame shi gaba ɗaya. Ya ce to, magana ta ƙare, an ce masa akwai gurbin koyarwa a wata kwalejin noma a gida, kafin sabuwar shekara za su tattara su koma. Hanan tana da shekara goma sha biyar, saura mata shekara guda ta rubuta jarrabawar gama sakandare. Ta yi kuka, ta yi roƙo, daga baya ta daina yi masa magana sai gaisuwa. Anti Rabi ta kira ni ta ce, "Binta, ki yi wa Abban Hanan magana, ke yana jin taki." Ba ya jin tawa, amma na yi. Ya ce, "Ke ma aro kike zaune, ba ki sani ba ne." A haka muka tafi hutun, mota biyu, babu mai walwala.

Ranar da za mu dawo, da hantsi, muna loda kaya, sai ga Sarkin Noma da tukunyarsa a baro. Dashen ya kai kafaɗar mutum, saiwoyin sun fasa gindin tukunyar. Ya ce ya ji za a tafi, shi kuma ya gaji da ba wa abu ruwa a tukunya, ko dai a dasa yau ko ya jefar. Yaya ya daɗe yana kallon itacen. Ya kalli Hanan, tana zaune a kan katanga ta ba mu baya, tana kallon ruwa. Sai ya ciro shebur daga mota ya nufi lungun. Ya haƙa rami, ya zuba takin tumaki, ya gyara gefe da gefe yadda ya iya. Amma bai taɓa dashen ba. Ya miƙe ya kira ta.

"Hanan, zo ki dasa."

Ta ce da Turanci, ba tare da ta juyo ba, "Abba, ai ka ce ba a dasawa."

Ya ce, "Baƙo ne ba ya dasawa. Ke 'yar gari ce."

Ni ban gane nan take ba. Anti Rabi ce ta gane, ta zauna a bakin but ɗin mota ta rufe fuska da mayafi. Yarinyar ta sauko, ta ɗauki itacen da kyar ta saka a ramin, ta mayar da ƙasa da hannu, shi yana tsaye yana cewa ta danna da ƙafa, a'a ba haka ba, a hankali. Sarkin Noma bai san abin da aka yanke a gabansa ba, murnarsa kawai tukunyarsa ta samu sarari. Ba a sake tayar da zancen komawa gida ba. Da suka isa Manchester Yaya ya kama aiki a wani kantin sayar da furanni da taki a bayan gari, Anti Rabi ta canza labule.

Bai ga ganyen bazara a jikin itacen ba. Cikin sanyin shekarar ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, zuciya ce, kafin in iso daga Birmingham an gama. A Manchester aka binne shi. Na ji wasu suna cewa kaico, mutumin da kullum zancensa gida. Ni ban ce kaico ba. Na yi kuka dai, kuma har yau ina kewarsa, fiye da yadda nake nunawa.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da zai ga yadda abubuwa suka koma. Sarkin Noma ya bi bayansa ba da daɗewa ba, 'ya'yan suka sayar da gonar. Waɗanda suka saya sun kwashe caravan, sun gina 'yan bukkokin katako masu gilashi, kowace da bahon ruwan zafi a ƙofa, a waya ake kama ɗaki, kuma irinmu na wancan lokaci ba za su iya kwana biyu a ciki ba. Tumakin da suka rage 'yan kaɗan ne, na ɗaukar hoto. Lungun da ya noma dankali an zuba masa tsakuwa, motoci ke tsayawa. Na san zai tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Ƙasa mai kyau haka a ba wa mota?" Sai dai ni ma da zan ba shi nawa labarin: gonar gidanmu da yake ta ɗokin komawa, 'yan uwa sun yanka ta filoti sun sayar, har an fara gini. Ban san wanne zai fi ƙona masa rai ba.

Da kakar bara Hanan ta zo ta ɗauke ni a Small Heath. Yanzu injiniya ce, da aurenta da ɗanta, sunansa Ado. Ta ce, "Gwaggo, zo mu je mu ga wani abu." Itacen yana nan a jikin katanga, gefen wurin ajiye motoci, ya karkace saboda iska, ya wuce katangar, 'ya'yan sun zube a kan tsakuwa babu mai ɗauka. Wata matashiya ta fito daga ofis ta tambaya ko mun kama ɗaki. Hanan ta ce a'a, itacenta ta zo dubawa, ita ta dasa shi. Matar ta yi dariya, ta ce su sun ɗauka da kansa ya fito, mu ɗebi yadda muke so. Na so in yi mata bayanin cewa a wurinmu ko an sayar da ƙasa itace na wanda ya dasa ne, sai na ga ba amfani, na kama bakina.

Tuffar tana da tsami, ba irin ta kanti ba ce, sai an dafa. Mun cika jaka uku, yaron yana ta cizo yana yarwa.

Idan aka ce in lissafa abin da Yaya ya bari, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, nan ko can. Fartanyar tana wurin Anti Rabi a bayan ƙofa, ta yi tsatsa. Digirinsa yana cikin akwati. Kabarinsa yana ƙasar da ya ƙi yarda tasa ce, kuma ban tabbata ya taɓa yarda ba har ya tafi. Abin da na sani shi ne ranar da aka zo kan 'yarsa, bai ja ta ya kai ta inda zuciyarsa take ba, ya haƙa mata ramin dashe a inda take tsaye.

Mun shiga mota, na ɗaura bel, sai Hanan ta ce in jira ta. Ta buɗe but, ta zazzage jakunkunan, ta tsaya tana zaɓen manya marasa tabo har ta cika jaka guda. Ta ɗauka ta kai ƙofar ofishin ta ajiye, ba ta ƙwanƙwasa ba. Da ta dawo na tambaye ta na mene ne, mutanen da ba su ma damu da itacen ba.

Ta tayar da mota, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Na mai gona ne, Gwaggo."